Wanda Ya Kwance Injin Niƙa

Inda babbar tayar injin take jiya, yau sai gurbi da wata da'ira da aka zana da alli.

Tsohon makanike ya tsaya da gwangwanin mai a hannu yana kallo. Tun yana saurayi haka yake aiki: duk abin da ya kwance don gyara, sai ya zana da'ira a gurbinsa don kada ya manta. To ga da'ira. Ke nan shi ya kwance. Amma yaushe? Tayar da ƙarti ke ɗauka da nishi, shi da ko bokitin ruwa sai ya huta a hanya?

Injin ya daɗe da mutuwa. A da, a ƙauyen nan sai ka ɗaga murya ake jin ka: ga injin niƙa, ga wurin matsar mai, ga masaƙa a bakin rafi, inda ma'aikata ke fitowa da auduga har a gira. Da kayan waje suka cika kasuwa, aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙarfi suka tafi birni, samarin da suka rage suka koma gindin katanga suna shan maganin tari, alhali ba mai tari a cikinsu. Shi kaɗai ya ƙi yarda, kullum sai ya zo ya ɗiga wa injin mai.

* * *

"Baba, ina ka kai tayar?" in ji babbar 'yarsa, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarsu.

"Ban sani ba."

"Wancan makon bel ɗin injin ne ya ɓace, kafin nan famfonsa. Ana cewa kai kake kwashewa ka zubar a rafi, har magana ta kai ga 'yan sanda. In kan ya taɓu ne, gara mu rufe ka a ɗaki da mu sha kunya."

Tsoro ya kama shi, domin ba ƙarya ta yi duka ba. Kwanan nan ya kira ta da sunan uwarta, ya kuma nemi hularsa tana bisa kansa. Amma ɗaki a kulle? Gara kabari.

Washegari ya yi sammako don ya kama kansa da kansa. Sai ya tarar da autansa, ƙato mai gemu, a tsugune gaban injin da buhu a gefe, yana zana da'ira.

"Auta, wa ya koya maka wannan?"

Auta ya ɗago jajayen idanu. Ya ce, "Kai ka aiko ni mana, Baba. Har ka manta?"

Tsoho ya dafa bango. Ya aike shi? Ya lalubi cikin kansa, bai sami komai ba sai duhu. Amma ga Auta yana tura buhun bayansa da ƙafa, kuma wanda aka aika ba ya ɓoye buhu.

* * *

Da hantsi ɗan sanda ya zo, maƙwabta suka cika ƙofar gida.

"Tsoho, an ga ɗanka wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Faɗa mini gaskiya, wa ke kwance injin nan?"

Rabonsa da jin kansa sarai kamar yanzu har ya manta. Ya dubi ankwar da ke rataye a ƙugun mutumin, ya dubi hannuwan Auta da ke tsaye a gefe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Ni ne," ya ce. "Gyara nake yi. Gobe za mu tayar da shi, kowa ya kawo hatsinsa."

Aka kwashe da dariya, wata tsohuwa kuma ta share hawaye. Ɗan sanda ya girgiza kai ya ce wa 'yar, "Ku kula da shi, kada in sake ganinsa a waje."

* * *

Ita ta sayo kwaɗo, amma ta kasa sakawa, ta miƙa wa ƙanenta ta shige ciki tana kuka.

Tsoho ya zauna a bakin gado yana jin Auta na fama da ƙofar. Kwaɗon ya ƙi shiga, ya faɗi, aka ɗauka, ya sake ƙi. Da abin ya yi tsawo, sai ya matso ya kara bakinsa a jikin katakon.

"Ɗaga ƙofar kaɗan, ɗana," ya ce a hankali. "Sannan ka danna."