Abin da Ke Aljihun Nolan

Tun da muka shiga shagon Madam Petrakis hannun Nolan na dama bai fito daga aljihun kwat ɗinsa ba. Ni kuwa idan abu ya tsaya mini a rai ba na iya kau da kai. Ni na fara ta da maganar aure, ni kuma na ce mu zo mu zaɓi zoben baiko tare, don na ga yadda ƙawata Priya take ɓoye hannu a cikin mutane saboda wanda saurayinta ya zaɓo mata shi kaɗai. To ga mu a gaban gilashi, fitilu sun haske lu'ulu'u, mutumin da nake so ya aure ni ya yi tsaye kamar wanda aka kawo wurin likitan haƙori.

"Wannan fa?" Na ɗaga masa yatsa.

"Ya yi kyau."

"Haka ka ce da na farko."

"Shi ma ya yi kyau, Tessa."

Na san Nolan ba mai surutu ba ne. Ko zancen mahaifiyarsa, da ta rasu kafin mu haɗu, sai na yi ta tono yake ba ni kalma biyu. Amma shirun yau daban ne, kuma tsoro ya fara cina. Tambaya ɗaya ke yi mini yawo a ka: anya mutumin nan yana son auren nan, ko dai ni ce na jawo shi da igiya?

Madam Petrakis, tsohuwa mai tabarau a rataye a wuya, ta gaji da mu ta jawo wani faranti na zobban da. Nan ne bakin Nolan ya buɗe. Ya nuna wani na jan gwal, an zana ganyayyaki a jikinsa, ƙaramin dutse na zaune a sama cikin 'yan farata huɗu.

"Irin wannan fa? Me kika gani?"

Haushin shirunsa ne ya fito mini ta baki. Na tuntsire da dariya. "Haba Nolan! Duk zobban garin Toledo ka rasa na nunawa sai wannan? Ai idan na sa shi, cewa za a yi daga hannun gawa aka zaro."

Ya ɗan yi murmushi, ya ce gaskiya ne, ya tsufa.

Na zaɓi wani siriri na farin gwal, aka gwada yatsana. Daga nan Madam Petrakis ta nuna mini ƙofa.

"To 'yata, naki ya ƙare. Je ki sha kofi. Daga yanzu ba ki ga komai ba, ba ki san komai ba. Ranar da ya durƙusa ya nemi aurenki da zoben, ki dafe baki ki yi kuka kamar kowa."

Haka ake yi, ni ma na sani. Na tsallaka titi cikin jagwalgwalon ƙanƙara na shiga shagon kofi, amma zama ya gagare ni. Na ɗauki kofin, na ajiye, na sake ɗauka, na liƙe a jikin taga. Ina hango shi. Sai ga hannun nan ya fito daga aljihu, ya ajiye wani abu a kan teburin. Madam Petrakis ta sa tabarau ta duba, ta ɗago ta daɗe tana kallonsa. Ta yi magana, ya gyaɗa kai. Ta sake magana, ya sake gyaɗawa. Bai ko waiwayi zoben da na zaɓa ba, ya juyo ya fito yana share hanci.

Na fito na same shi. Na daure har muka kusa kai inda muka ajiye mota, can ƙarshen layi, sannan na ci burki.

"Ka fasa ne?"

"Na fasa me?"

"Kada ka raina mini hankali, Malam. Na gan ka ta taga. Idan ba ka so, faɗa mini a nan, ba sai na yi ta gyaran farce duk Asabar ina jiran ranar da ba za ta zo ba."

"Ke fa an ce ba ki ga komai ba."

"Na gani! Mene ne a aljihunka tun safe?"

Ya juya aljihun waje, babu komai a ciki. Ya tsaya yana kallon takalminsa.

"Zoben Mama ne," ya ce. "Baba ya ba ni ran da na gaya masa zancenki. Na so in ga ko za ki so irinsa kafin in nuna miki. Tunda bai yi miki ba, na ce a cire dutsen a sa a naki. Gwal ɗin kuma za su narkar." Ya ɗaga kafaɗa. "Ba komai. Ai dutsen dai nata ne."

Maganar gawar nan ta dawo mini a kunne. Ban san lokacin da na jefar da kofin na kwasa da gudu ba. Sau biyu santsi ya kusa kayar da ni. Na banka ƙofar shagon har ƙararrawarta ta yi tsalle.

Madam Petrakis na zaune da hantsaki a hannu. Dutsen na kan baƙin ƙyalle, zoben na gefe, faratansa huɗu a buɗe babu komai a tsakaninsu.

"Na makara ko?"

"Wuta dai bai gani ba," in ji ta. "Sau biyu na tambaye shi ko ya tabbata."

"Ki mayar da shi, don Allah."

"Faratan sun tsufa, ɗaya ya tsage. Sai na sake su. Ba aikin yau ba ne."

Na ɗauki zoben. Ta ciki ya sha hannu har ya yi sumul, ganyayyakin gefe ɗaya sun kusa shafewa. Matar da ban taɓa gani ba ta yi wanke-wanke da shi, ta yi wa Nolan wanka da shi. Kunya ta rufe ni, hawaye suka zubo. Na zura shi a yatsana. Ya ɗan tsaya a gaɓa, na tura, ya wuce.

Nolan ya shigo yana haki. Ya kalli hannuna.

"Tessa, babu dutse a ciki. Kuma ba yau na shirya neman aurenki ba, na riga na yi magana da mai hoto, bakin kogi za mu..."

"Ka sallame shi. Tambaye ni."

"A nan?"

"A nan."

Madam Petrakis ta ture tabarmar goge ƙafa da ta jiƙe gefe, don ya sami busasshen wuri. Ya durƙusa, ya kamo hannuna, ya buɗe baki. Babban yatsansa ya sauka a kan ganyayyakin da suka shafe, maganar ta maƙale. Wannan karon ban gaggauta shi ba.