Sunan da Wada Yake Kiranta

Iyatu ta sauka daga kan babur a ƙofar makarantar, ta zauna a inuwar dalbejiya tana jiran a tashi ɗalibai. Kwana uku ke nan da fitarta takabar mijinta Wada, dillalin shanu, kuma duk faɗin Garwa nan ta fara zuwa.

Madam Cécile, mai koyar da Ingilishi, tsohuwar maƙwabciyarsu ce. Tana fitowa ta hango ta, ta ƙaraso da sauri, tana kiranta Dada, wato uwa da Fulatanci.

"Dada, lafiya? Da kin aiko, ai da na zo gida."

"Wannan ba maganar aike ba ce, Madam. Wata kalma ce maigidan ya samo a Bamenda, wajen masu jin Ingilishi, lokacin da yake kai shanu kudu. Shekara talatin da ita yake kirana. In na rage masa sukari a shayi, ya faɗa. In na bi shi zaure da hularsa, ya faɗa. Na tambayi 'yata Raihana, ta ce ba ta sani ba, amma na ga yadda ta kau da kai."

"Wace kalma ce?"

"Nusan."

Cécile ta zauna kusa da ita, ta yagi takarda ta rubuta: nuisance. Ta daɗe tana kallon rubutun.

"Kada ki yi mini irin na Raihana," in ji Iyatu. "Na tsufa da a lallaɓa ni."

"Bon, to. Ma'anarta abin da ya dami mutum, ya takura masa. Kamar sauro, ko rediyon maƙwabci. Asalinta ma Faransanci ne, daga nuire, wato cutarwa. Mutanen Ingila suka ara, ta yi ta laushi a bakinsu har ta koma ta ɗan abin haushi."

"Sauro," in ji Iyatu a hankali. "Ni da na zaci daga nuru take. Haske. Shekara talatin yana ce mini sauro, ina amsa masa da na'am."

Ta yi 'yar gajeriyar dariya. Ta tuna ranarsa ta ƙarshe a asibiti, tana gyara masa matashi karo na huɗu. Muryarsa ta riga ta dushe, amma ya kama wuyan hannunta, ya faɗi kalmar nan, kuma bai saki ba har likita ya shigo.

"Amma Dada," in ji Cécile, "masu Ingilishi sukan faɗe ta ga wanda ba sa son ya yi nisa da su. Ya danganta da murya. Shi yaya yake faɗa?"

Iyatu ta matso kusa da ita.

"Ke faɗa mini, in ji."

Cécile ta faɗa, tsaf, yadda take koya wa ɗalibanta. Iyatu ta rufe ido ta saurara.

"Ƙara."

Ta ƙara.

Iyatu ta girgiza kai. "A'a. Ke kin iya ta da yawa. Shi bai iya ba. Yakan ja ƙarshenta, kamar ba ya son ta ƙare."

Ta karɓi takardar, duk da ba ta iya karatun boko ba, ta ninke ta huɗu, ta ƙulle a bakin mayafinta.