Maganin Yaya Rakiya Ya Biyo Ta Daji

Lawali yana durƙushe a gindin tayar baya yana tonon rairayi da murfin kwano lokacin da ya jiyo kiran azahar daga wani ƙauye. Ya tofar da yashi, ya dubi motarsa da ta nutse a tsakiyar busasshen gulbi. Da hantsi ya ce zai iso Madarunfa. Shi da bakinsa ya faɗa, a gaban likita, har da bugun ƙirji.

"Sannu Lawali, sarkin hanya," ya ce wa kansa. "Sannu da aiki."

Yayarsa Rakiya ce kwance, ita da ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. An yi mata aikin ciki a birni, aikin ya yi kyau, sai ta dawo gida da tari da zazzaɓin da ba ta tafi da su ba. Likitan garin ya ce ciwon huhu ne, a gadon asibiti ta ɗauko shi, kuma ƙwayoyin cutar irin waɗanda suka tashi cikin magani ne, sun saba da shi. An yi mata allurar da ake yi wa kowa, kamar ruwa aka zuba. An canza wata, duk ɗaya. Saura guda da likita yake sa rai a kanta, ita kuwa tun da aka karya darajar kuɗin sefa ta ɓace daga farmasin Maradi. Sai Katsina.

"In dai akwai ta a duniya, gobe da hantsi tana hannunka," in ji Lawali. Mutumin da ya shekara da shekaru yana shigo da isansi, wato fetur, da atamfa ta bayan idon duwan masu tsaron iyaka, ɗan kwalin magani ne zai gagare shi?

Samun maganin bai ba shi wuya ba. Abin ya faru ne bayan ya wuce Jibiya, inda kwalta ta miƙe zuwa ƙofar duwan ta Ɗan Isa, hanyar daji kuma ta ratse gefe. Wallahi bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Hannuwansa ne suka murɗa sitiyari, kamar jakin da ya ga kwanar gida. Kafin nan ma ya riga ya kwance murfin ƙofar mota ya cusa kwalin a ciki, inda yake ɓoye turamen atamfa, ya naɗe takardar likita ya tura a hula. Har wani daɗi ya ji na iya aiki.

Ƙarar inji ta sa ya ɗaga kai. Motar duwan ce, ta gangaro gulbin a hankali ta tsaya kusa da shi. Shugabansu ya sauko, Yahaya, wanda ya daɗe yana bin Lawali a dajin nan bai taɓa riƙe shi da hannu ba.

"Ashe rairayi ya fi ni iya aiki," in ji Yahaya. "Mi ka ɗauko yau?"

"Magani ne, ranka ya daɗe."

"Kullum magani ne. Ku duba."

Ba su sha wuya ba, sun san ƙofofinsa kamar shi. Da aka cire murfin, farin gari ya zubo ƙasa tare da fasassun kwalabe. Ramukan hanya sun yi aikinsu. Lawali ya zauna daɓas a kan rairayi mai zafi. Da kyar ya zaro takardar daga hula ya miƙa.

Yahaya ya karanta, ya dubi ƙofar, ya dubi Lawali. Da ma dariya ya yi, da ya fi sauƙi.

"Wa ke ciwon?"

"Yayata."

"Kai Lawali! Da ka biyo titi da wagga takarda, Allah ya ƙara sauƙi kawai za mu ce maka ka wuce. Wa ke kama maganin marar lafiya?"

Lawali ya karɓi takardarsa ya mayar a hula. Gaskiyar ita ce bai taɓa tsayawa a ƙofar duwan da rana tsaka ba, bai ma san abin da ake ce musu ba.

Suka tsince kwalaben da suka tsira, Yahaya ya riƙe su a kan cinyarsa. Lawali kuwa aka ɗora shi a bayan mota, inda ake jibge kayan da aka kama. Haka suka shiga Madarunfa da la'asar. 'Yan tasha suka miƙe tsaye, masu kifi a bakin tafki suka bar ciniki. "An kama Lawali! An kama Lawali!" Bai musa ba. Da kamun ne ma da ya fi mutunci.

A asibiti ya tarar da Rakiya a jingine da matashi, leɓunanta a bushe, numfashinta yana fita da ƙara. 'Yarta Mariama tana yi mata fifita. Likita ya karɓi kwalaben, ya haɗa allurar farko ya yi mata kafin ya ce komai. Sannan ya juyo.

"Wannan ba zai kai rabin jinya ba. In muka fara muka tsaya a tsakiya, mun koya wa ƙwayoyin wannan maganin ma, kuma ba ni da wani a bayansa. Sauran ya iso kafin na nan ya ƙare."

"Yanzu zan koma," in ji Lawali, ya miƙe. "In an ciro mini mota, kafin..."

"Lawali."

Muryar Rakiya ce, siririya, amma ita ɗin ce dai. Ya durƙusa kusa da gadon.

"Na'am, Yaya."

"Ta daji ka biyo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na gaya wa likita kada ya sa ido da hantsi," ta ce, tana tsayawa ta ja numfashi. "Na ce ƙanena ko gidanmu ta katanga yake shiga. Sai na daure na jira ka."

Hawaye ya zubo masa. Ya sa hannun riga ya share.

Rakiya ta juya ido wajen 'yarta. "Mariama, karɓi takardar. Da safe ki shiga motar haya. Ki bi titi, ki gaishe su, ki wuce."

Mariama, wadda ko goro ba ta taɓa tsallaka iyaka da shi ba, ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane. Ta miƙa wa kawunta mafici.

Lawali ya karɓa, ya gyara zama a kan tabarma, ya shiga fifita a hankali, yana sauraron numfashinta.