Hoton Nasiba

Labo ya buga salularsa a kan teburin daraktan asibitin har kofin shayi ya tuntsire.

"Duba! Matata ce wagga. Wa ya fitar da ita?"

Darakta Mas'udu ya kalli hoton, ya kau da kai. Ƙirjin Nasiba ne a buɗe, da kumburin da ya hana ta barci tun damina. Asibitin kuɗi ne a Konni, kuma su suka yi ta shela a rediyo cewa matan karkara su aiko da hoton ciwo ta shafinsu na intanet, likita mace kaɗai za ta gani. Labo da kansa ya lallashe ta a ɗakinsu na Tajaye, shi ya riƙe wayar yayin da take rufe fuska da gyale. Gyalen bai rufe tabon da ke haɓarta ba. Yau a tashar Badaguishiri ya tarar da direbobi 'yan'uwansa sun haɗa kai a kan waya suna kallon hoton nan.

Darakta ya kira Sharifu, ɗan ƙanwarsa, wanda aka damƙa wa injin da ke ɗauke da shafin. Ya shigo yana taunar goro.

"Kullen da ke ɓoye saƙo tsakanin waya da injin tsoho ne," in ji Sharifu. "An daɗe da gano yadda ake fasa irinsa. Kamfanin da ya ƙera shi ya aiko a sabunta, ban samu sukuni ba. Ai har manyan ƙasashe ana yi masu haka."

"Ba ka samu sukuni ba?" in ji Labo. "Kun san ƙofa ta ruɓe, kuka ce mata su shigo su tuɓe?"

"Malam, ƙaddara ce," darakta ya ce, yana goge shayi daga takardunsa. "Ka sassauta murya, akwai marasa lafiya."

Labo ya cafki wuyan rigar Sharifu. Masu gadi biyu suka fitar da shi har bakin titi.

* * *

A ofishin 'yan sandan jandarma, inda Labo ya kai ƙara, aka tambaye shi wa ya ɗauki hoton. Da ya ce shi ne, sai mai rubutun ya ajiye biro ya yi murmushi.

A gari kuwa ba wanda ya ambaci Sharifu. Nasiba ake zagi. Mata suka daina sayen ƙosanta, gwaggonta ta aiko cewa ta zubar da mutuncin dangi.

"Mu tafi Tawa, Nasiba," Labo ya roƙe ta. "Akwai wani asibitin. Don Allah."

"Malam, wani ba ya ƙara ganin jikina."

Ya tsaya a bakin ƙofa, haƙoransa a cije. Tana zaune a tabarma tana tsince wake da hannun hagu, don na daman ya daina ɗaguwa.