Saja Nata'ala Ya Ƙi Sakin Jiki

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Saja Nata'ala ya ajiye kaki ya dawo gidansu na gado a Yakasai. Bai daɗe ba ƙugunsa ya riƙe. Ruku'u ya gagare shi, har liman ya sa aka ajiye masa kujera a ƙarshen sahu. Zaman kujerar nan ya fi masa ciwon zafi.

Ɗan ƙanwarsa Maharazu likitan gashin ƙashi ne, ya kuma koyo gyaran gaɓɓai da hannu a ƙasar waje. Sai da ya duba hoton ƙashin, ya tabbatar babu tsagewa babu zaizayewa, sannan ya kwantar da shi ta gefe a kan benci a zaure.

"Kawu, aikin nan ba na ƙarfi ba ne. Zan juya ka a hankali har inda gaɓar ta tsaya, sai in danna da sauri, ɗan kaɗan kawai. Amma sai ka saki jiki."

"Na saki. Yi aikinka."

Bai saki ba. Da Maharazu ya ce "to", sai Saja ya ɗaure ciki, ya cije haƙora kamar mai jiran bulala. Shi jarumta yake kiran wannan. Girman kai ne. Maharazu ya sassauta hannu, don danna jikin da ke ɗaure ɓarna ce.

"Kai yaro, tsoro kake ji? Danna mana!"

"Kawu, ka yarda in yi ba tare da na sanar da kai ba?"

"Yi yadda ka ga dama."

Maharazu ya mayar da hannayensa inda suke. Can ya ce, "Ashe Ɗanladi mai faci shi ne kansilanmu yanzu?"

"Wa? Ɗanladi? Wanda ko tayar keke ba ya iya liƙewa ta kwana?"

Dariya ta ƙwace wa Saja, numfashi ya fita, kafaɗu suka zube. Nan take Maharazu ya danna. Ƙugun ya ce ƙas.

Saja ya tashi yana harara. Ya miƙe, ya sunkuya a hankali, yana jiran zafin da ya saba. Da saura, amma tafukansa sun kai gwiwa.

"Kwanton ɓauna ka yi mini, ɗan nema," in ji shi, yana sunkuye.

"Da izininka, Kawu. To ɗago haka nan, kada ka wuce gona da iri."

"Bar ni tukuna."