Man Shafawa Ba Ya Bi ta Waya

Ina da wani ɗan hali da ba na alfahari da shi: ina jin daɗin ganin yara sun tsorata idan ina koyarwa. Wasu malaman so suke a ƙaunace su. Ni kuwa sai na ga aji ya yi tsit, idanu sun firfito, sannan nake jin na yi aiki.

Sunana Hussaini, ɗan Katolika ne ni daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, kuma na gaji da yi wa mutane bayanin yadda aka yi haka. Digiri na uku ne ya kawo ni Kuala Lumpur, a jami'ar da ke Jalan Semarak, inda na zauna har furfura ta riga kundina fitowa. Da yake na yi aikin katikis, wato malamin addini a coci, a gida, sai Fada Arokiam, mai kula da addinin ɗalibai a wata sakandaren Katolika, ya ɗauke ni in riƙa taya shi. Tsoho ne Ba'indiye, ga ciwon suga ga haƙuri. Ya ba ni ajin masu shirin konfameshan, wato ranar da bishop zai ɗora musu hannu su zama manya a coci.

Da annoba ta zo aka rufe makaranta, ajin ya koma Zoom. Tsoratar da baƙaƙen akwatuna ba ƙaramin aiki ba ne, amma na yi ƙoƙari. A tsakiyar 2021, lokacin da jiniyar motar asibiti ta zama kamar kukan zakara a gari, muka iso darasin shafa wa marasa lafiya mai. Na gyara zama. Na ce musu wannan shi ne guzurin ƙarshe, kuma sai da mai mai albarka da hannun Fada a goshin mutum. Ba a aika shi, ba a wakilci.

Wani yaro ɗan Sin ya buɗe makirfonsa. "Sir, ta WhatsApp fa, boleh? Zai yiwu?"

Aji ya fashe da dariya. Na jira suka gama, sannan na ce, "Ba ya bi ta waya. Wanda ya tafi ba shi, ya tafi hannu rabbana." Aka yi tsit. Ranar har ƙarin shinkafa na yi.

A cikin akwatunan nan akwai Daso, Bahausa ɗaya tilo a ajin, 'yar shekara goma sha shida. Mahaifinta Ɗan'azumi mutumin Kafur ne, yana koyarwa a wata kwaleji mai zaman kanta. Shekaru ina cin tuwo a gidansa ranar Lahadi bayan Mas, wato ibadar coci. Uwarta ta je gida ganin dangi aka rufe iyaka, ta maƙale can. A aji Daso tana ce mini Sir, a gida Kawu.

Ba a daɗe ba ta kira ni da hantsi.

"Kawu, sun tafi da Baba. Numfashinsa ya yi ƙasa. Ni kuma sun sa mini abin hannun nan mai ruwan hoda, wai kada in fita."

Na fara jero irin maganganun da ake jerowa, Allah na nan, kada ki damu, ki ci abinci. Ta bar ni na gama.

"Ka kawo masa Fada."

"Daso, ai ba a barin kowa ya shiga."

"Kai ka ce sai da mai da hannu."

"Eh, na faɗa, amma..."

"To ka kai masa, Kawu. Ni ba abin da nake nema sai wannan. In zai tashi ya tashi. In ba zai tashi ba, kada ya tafi haka."

Ban taɓa sanin akwai mai saurarena a ajin nan ba.

Na kira Fada. Ya ce an hana tsofaffin fada-fada irinsa shiga ɗakin masu cutar, asibitin ma ba za su bari ba, ga shingen 'yan sanda a kowace mahaɗa. Na haɗa shi da Daso. Ya yi mata bayani a hankali, cewa idan Fada ya kasa isa, tuban mutum da muradin zuciyarsa sun isa, kuma Allah ya ba mu mai ne domin taimakonmu, bai ɗaure hannun kansa da shi ba.

Ta ce, "Amma ba haka Sir ya koya mana ba."

Fada ya dube ni ta allon waya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Daga baya ya ce in dai za a sami wanda zai riƙe waya a gefen gadon, zai yi wa mara lafiyan addu'a ya sa masa albarka. Ba sakramenti ba ne, ya nanata, addu'a ce. Na ce a bar mini wannan. Mutumin Arewa ne ni, na yi imani da Allah, na kuma yi imani cewa kowace ƙofa akwai wanda ya san wanda ya san mai gadinta.

Na kira Sirajo. Bakano ne, abokin karatuna, mun yi shekaru muna musun addini a mamak, shagon shayin Indiyawa, ba wanda ya motsa wani.

"Bishop," in ji shi, don haka yake tsokanata, "yau kuma wa za a tsoma a ruwa?"

"Ustaz, ba wasa. Ɗan'azumi ne, yana asibiti."

Nan take muryarsa ta sauya. Ya yi salati, ya kira matarsa Bintu. Ashe akwai wata Bamaleshiya mai sayar da abinci a Kampung Baru, ƙawar Bintu, ƙanwarta nas ce a wannan asibitin. Bintu ta ce za ta roƙe ta. Ta kuma ce daga ranar ita za ta riƙa yi wa Daso tapau, wato ƙunshin abinci, tana ajiyewa a bakin ƙofa.

"Me za a ce sunansa?" in ji Sirajo.

"Ɗan'azumi mana."

"Na fasfo nake nufi. Ka san ku akwai sunan gida, akwai na coci, akwai na Bature."

A nan ne na gane ban sani ba. Shekaru ina miƙe ƙafa a falon mutumin nan, ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Matarsa Baban Daso take cewa, mu Ɗan'azumi, ɗalibansa Dakta. Daso kuwa ba za ta kama sunan ubanta da bakinta ba, ni kuma kunya ta hana ni in tambayi yarinyar da ke kuka sunan mutumin da nake kira ɗan'uwana.

Na ce, "Haba Ustaz. A ce ɗan Najeriya, Bahaushe, mai ɗan jiki. Mu nawa ne a garin?"

"Shi ke nan, lah," in ji shi.

Saƙo ya tashi daga ni zuwa Sirajo, zuwa Bintu, zuwa mai abinci, zuwa nas. Washegari amsa ta biyo ta hanyar da ta je: ta same shi, za ta kira da la'asar idan ta samu sarari, amma ba za ta daɗe ba.

Na sa rigar da nake zuwa coci da ita. Fada ya fito a akwatinsa da kyandir a gefe, Daso a nata, ta yafa gyalen uwarta. Sai na huɗun ya buɗe. An naɗe wayar a leda saboda cutar, komai dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin kunu. Ƙarar na'urori ta cika ko'ina. Muka ga mutum kwance rubda ciki, yadda suke kwantar da su domin numfashi, fuskarsa ta juya bango, igiyar abin iska ta zagaye ƙeyarsa. Baƙin mutum, mai ɗan jiki. Hannunsa ɗaya a kan zanin gado.

Fada ya yi addu'a da Turanci, a gaggauce, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ɗaga hannu ya sa albarka. Sannan ya ce in yi da harshen da mara lafiyan ya tashi da shi. Na fara Ubanmu wanda ke cikin sama, muryata tana rawa, kuma in faɗi gaskiya har a lokacin wani sashe na zuciyata yana lura da yadda rawar ta yi kyau.

Da na kai ƙarshe Daso ta matso da fuskarta.

"Baba. Baba, ni ce. Ga Fada ya zo. Kana ji na?"

Hannun nan ya motsa. Ya ɗagu daga kan zanin, ya kaɗa dama da hagu a hankali, ya sake kaɗawa, ya faɗi.

Daso ta saki wani irin sauti da ban san sunansa ba. Nas ta ce wani abu da Malayanci, allon ya mutu.

Bayan 'yan kwanaki asibiti suka kira ta, suka ce ya rasu. Ba mu ga gawa ba. Ma'aikata sanye da fararen kaya suka kawo akwatin gawar a liƙe, muka tsaya daga nesa bayan igiya a maƙabartar Kirista, ni da Fada da Daso, sai Sirajo can baya ya harɗe hannu. A jikin akwatin na karanta sunan abokina karo na farko: Polycarp. Na ce a raina, lallai da ni ma Ɗan'azumin zan riƙe.

Daso ta koma gidan su Bintu kafin uwarta ta samu izinin shigowa. Na zaci za ta bar ajin. Ba ta bari ba, ita ce ma ta fara kunna kyamararta kullum. Da aka buɗe coci-coci aka yi musu konfameshan, kowa da takunkumi, bishop yana goge yatsa bayan kowane goshi. Daga baya Fada ya shirya wa 'yan ƙananan azuzuwa ranar addu'a da nazari a makaranta, ya ce Daso ta yi musu magana. Ta tsaya a gaban yara, yawancinsu kowa da wanda ya rasa, ta ce ta yi fushi da Allah har ta ajiye carbinta a bayan firji. Ta ce amma mahaifinta ya ji addu'arsa ta ƙarshe da harshensa, ya ji muryarta, ya ɗaga hannu ya sa mata albarka, kuma a kan wannan hannun take tsaye har yau. Yara suka yi ta kuka. Ban taɓa samun aji ya yi irin wannan tsit ɗin ba, kuma ba ni na jawo shi ba.

Da ta sauko ta zo wurina.

"Kawu, ka ce ba ya bi ta waya."

"Na faɗa."

"To ya bi."

Shugabar makaranta ta yi mini godiya a gaban malamai. Na sunkuyar da kai yadda ya kamata.

Bayan an saki gari, wata Asabar da yamma muna zagaya tafkin Titiwangsa ni da Sirajo, domin likita ya ce tumbinmu ya isa haka, sai muka ci karo da wani mutum zaune a benci yana haki. Sirajo ya san shi. Abdurrahim, ɗan Gwarzo, yana digiri na biyu a wata jami'a. Rigarsa ta yi masa yawa ƙwarai.

"Malam Abdurrahim, ina sauranka?" in ji Sirajo.

"Na baro shi a asibiti, wallahi. Korona ce. Har an fara nema wa iyalina kalmomin da za a faɗa musu."

Muka yi masa barka, muka zauna. Mai jinya idan ya warke ba ya barin labari, mu kuma mun samu dalilin daina tafiya. Ya ba mu labarin abin iskan, da ƙishirwa, da yadda ake fitar da maƙwabcin gadonka ka yi kamar ba ka gani ba.

"Amma abin da har yau ban gane ba," in ji shi, "wata la'asar ina kwance rubda ciki, sai nas ta kawo waya bayan kunnena. Wani ya yi ta Turanci. Can sai na ji Hausa, wallahi Hausa tsantsa, wani mai murya kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi yana addu'ar Kiristoci. Na ce shi ke nan, Abdurrahim, an yi kuskuren layi, ga inda aka kawo ka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sai wata yarinya ta hau kiran Baba, Baba. Ni da ko aure ban kai shekara uku da yi ba. Tausayinta ya kama ni, ga ba bakin magana. Da ƙyar na ɗaga hannu in ce musu ba ni ba ne."

Sirajo ya zuba wa ruwan tafkin ido. Ni kuma na duba takalmina, na ga yana nan.

Bintu ta tambayi nas ɗin ta hanyar mai abinci. Ta ce ta duba ba ta ga mai suna Ɗan'azumi ba, sai ta je wurin ɗan Najeriyan da ke ɗakinta. Polycarp yana hawa na sama a ranar. Ba wanda ya kira shi.