Dogayen Ƙusoshi

Notin tayar bai yi nisa ba ya tsaya. Gambo ya kwance shi, ya sake ɗaurawa, ya sake tsayawa a wuri guda. Ya leƙa cikin ramin. Kan ƙusar ko rabin notin bai kai ba.

"Oga Gambo, ka gama da jak ɗina ko sai na kai ka kotu?" in ji Nazifi mai faci, wanda rumfarsa ke jingine da garejin a bakin titin Abakpa.

"Zo ka gani."

Nazifi ya zo yana goge hannu a wando. Motar ta Malam Balarabe ce, mahaifin Harira, matar Gambo. Rim ɗinta, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya tsage a rami, sai wani tsohon ɗalibin Malam ya kawo masa wasu huɗu kyauta. Masu kyau ne, amma ba nata ba ne, suna gogar birki. Shi ya sa Gambo ya sa sifesa, faifan ƙarfen da ake sa wa a bayan taya don ta ɗan matso waje. Ya kankare tsatsar mazaunin da samfefa har ya yi fes, faifan ya zauna daram. Sai dai kaurin faifan ya cinye tsawon ƙusoshin.

"Ai ya kama," in ji Nazifi. "Sa bututu a sifana ka hau kai, magana ta ƙare."

"In hau in tsinke ɗan zaren ƙusar da ya rage? Wannan da baki kawai ya riƙe. A cikin gari za ta lallaɓa. Ta hau babban titi ta sha rami, sai dai wani ikon Allah. Dogayen ƙusoshi take so. Bari in sauke ta ka ɗauki jak ɗinka, in je kasuwar Panteka in sayo su in dawo."

Ya ɗaure notocin a gicciye, wannan sannan na daura da shi, ya sauke motar. Tana taɓa ƙasa ya ji sallamar Malam a bayansa.

Ƙafafunsa suka riga shi yanke shawara. Ya zube a kan baƙin mai, ya cire hula ya mayar, idonsa a kan takalman Malam. Tun da aka ba shi Harira bai taɓa kallon fuskar mutumin nan ba. Ko a masallaci ya hango shi, sahu yake canzawa.

"Allah ya gafarta Malam. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Gambo. Ah, har an sauke ta. Madalla. Allah ya yi albarka."

"Amin. Sai dai... da saura kaɗan."

"Ai aikin bakanike ba ya ƙarewa," Malam ya yi dariya. "Zan kawo ta gobe a ƙarasa."

Maganar tana nan a maƙogwaron Gambo, cikakkiya, da kanta da ƙafafunta. Amma yaya zai ce wa Malam a'a, ga Nazifi a tsaye, ga masu shayi suna kallo? Yaya zai ce kyautar da aka yi masa ba ta dace ba? Malam ya miƙo hannu. Gambo ya ga nasa hannayen biyu sun ɗora makulli a ciki.

Da motar ta sha kwana, Nazifi ya yi tsaki. "Kai dai suruki ya gama da kai. Ina zai je?"

"Gida mana. Unguwar Doka ce, nan da nan."

Duk da haka ya kira Harira.

"Baban Mubarak, lafiya?"

"Ki gaya wa Baba kada ya fita gari da motar nan. Ƙusoshin taya gajeru ne, tayar za ta iya fita. Yanzu zan kawo dogaye in sa a ƙofar gida."

"Ni? Ka manta ni ce ta fari? Baba ko sunana ba ya faɗa, balle in kira shi in ba shi umarni. Kai da kake gabansa me ya hana ka?"



"To," ta ce, muryarta ta sauka. "Zan gaya wa ƙanwata Sa'adiya. Ita ce ba ta jin kunyar kowa. Dama ita za ta raka shi Rigachikun gaisuwar rasuwa."

"Rigachikun? Yau?"

"Bayan azahar."

Ya ari mashin ɗin Nazifi. A Panteka mai shagon farko ya ce babu irin zaren. Na biyu ya tafi salla. Gambo ya tsaya a bakin shagon yana duba lambar Malam a waya. Ya ɗora yatsa a kai, ya ɗauke. Ai an aika saƙo, ya gaya wa kansa. Sa'adiya ba ta da nauyin baki. Da mai shagon ya dawo, suka zazzage gwangwani guda a ƙasa suna tsinta, yana gwada kowace ƙusa da noti. Ya ƙulle dogayen da suka dace a baƙar leda ya cusa a aljihun riga.

Yana kusa da Kawo wayar ta yi ƙara. Harira ce, kuka take yi, da ƙyar ya tsinci kalmar hatsari da sunan asibiti.

Ya ga motar kafin ya kai asibiti. Tana kwance a gefen titin Zariya, hancinta a cikin kwalbati, ɓangaren gaba na dama a ƙasa. Tayar tana can nesa cikin gonar masara, wasu mutane sun tsaya a kanta. Bai sauka ba. Daga kan mashin ya hango ƙusoshin, zarensu a suɗe, suna ƙyalli.

Asibitin cike yake da ɗaliban Malam da maƙwabta. Harira na zaune a dakalin baranda, mayafinta ya zame. Ta ce ƙugun Sa'adiya ne ya karye, an shiga da ita, likita ya ce ko ta tashi tafiyarta ba za ta koma daidai ba.

"Kin gaya mata?" ya tambaya a hankali.

"Na gaya mata. Na ce ka ce taya ba ta gama ɗauruwa ba." Ta share ido. "Ita kuma ta ce wa Baba wai ka ce a bi a hankali."

Aka ce Malam na kiransa. Yana kan gado a ɗakin maza, hannunsa a naɗe, goshinsa da filasta. Gambo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ledar ta bugi gwiwarsa, ƙarafan suka yi 'yar ƙara.

"Matso, Malam Gambo. Kada ka sa komai a ranka." Malam ya juya ga mutanen da ke tsaye. "Wannan surukina ne. Har saƙo ya aiko a bi a hankali, ni ne na taka ta don kada mu rasa addu'a. Laifina ne. Yaron nan, tun da na ba shi 'yata, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, bai taɓa mayar mini da magana ba. Irinsu sun yi ƙaranci."

"Allah ya yi masa albarka," mutane suka amsa.

Gambo ya ɗaga kai. Karon farko ke nan da ya ga fuskar sosai. Ashe Malam ya tsufa haka. Idanunsa sun yi ja, suna ta komawa ƙofar da aka bi da Sa'adiya. Gambo ya buɗe baki. A bayansa ya ji Harira ta tsaya a bakin ƙofa, tana jira.

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba," ya ce.

Ya mayar da idonsa ƙasa, ya dafe aljihun da tafin hannu don kada ƙusoshin su sake yin ƙara.